Taken Sarkin Fawa

Saura kwana biyu a yi wasan Asabar a Dandalin Nishaɗi da ke bayan Dawakin Tofa, Nababa mai kalangu ya faɗo ofishin 'yan sanda yana huci.

"Sufeto, an yanka ni!"

Sufeto Dabo ya dube shi sama da ƙasa, babu jini. Ashe kalangunsa na gado aka yanka, a ɗakin ajiyar dandalin, lokacin da mutane suka tafi sallar azahar.

Fastar wasan na manne a ƙofar dandalin: masu kukuma daga Ungogo, mata masu kiɗan ƙwarya, Abdulbasit mai fiyano, sannan Nababa ya rufe taro. Sufeto ya ɗauki kalangun ya jujjuya. Ba huda fatar aka yi ba. Feɗe ta aka yi zagaye, tsaf, ko tsarkiya ɗaya ba a taɓa ba.

Ya fara da Abdulbasit, wanda aka ji yana ƙorafin an hana shi rufe taro.

"Ina kake da azahar?"

"Masallaci, yallaɓai."

"Wa ya ja salla?"

Gogan naka ya hau kame-kame. Daga baya ya amsa cewa zance ya je Rijiyar Zaki. Sufeto ya dubi hannayensa, sumul kamar na jariri. Kai, wannan ko kaza ba zai iya fiɗa ba. Ya sallame shi.

Ya koma kan Nababa. "Me za ka kaɗa ran Asabar?"

"Taken marigayi Sarkin Fawa Hashimu. Sabon Sarkin Fawa, Alhaji Yahya, ya ce yana so a mayar masa."

"Marigayin ya bar ɗa?"

"Sammani. Yana nan yana fawa."

Sammani ya rantse bai ma san ana wani wasa ba. Sufeto bai musa masa ba. Ya sa aka aro kalangu, ya tsayar da Nababa a tsakiyar mahauta, ya ce, "Kaɗa taken, ka kira sunan Alhaji Yahya."

Kalangu ya ɗauka. Mahauta suka ɗaga wuƙaƙe suna ihu. Sammani kaɗai ya duƙufa kan nama. Da Nababa ya buɗe baki ya ce "Yahya", sai Sammani ya soka wuƙa a katako.

"Dakata, Baba Nababa! Wallahi ba a gabana ba!"

Kiɗa ya tsaya, Sammani ya juyo ga Sufeto.

"Ni na feɗe shi, Sufeto, rubuta. Sarauta ta bar gidanmu, na yi shiru. Amma take? Da shi aka yi wa ubana kiɗa shekara talatin. Take ba riga ba ce da za a cire wa mamaci a sa wa wani. A ɗinke kalangun, in na fito in sake feɗe shi."

Abin ya taɓa zuciyar Sufeto, gaskiya ya ji tausayinsa. Amma laifi laifi ne, ya sa masa ankwa.

Alhaji Yahya ya daka tsawa daga rumfarsa, "Ci gaba da kiɗana, Nababa!"

Nababa ya yi kamar bai ji ba. Ya gyara kalangu a hammata, ya bi bayan motar 'yan sanda da ƙafa yana kaɗa taken da ƙarfinsa.

"Sammani na Hashimu! Sammani na Hashimu!"

Daga bayan mota Sammani ya miƙe tsaye, hawaye na zuba, ya ɗaga hannayensa biyu da ankwar ya yi jinjina.