Ruwan Sama Kaɗai

Ranar da aka bugo waya aka ce motar mijina Kelvin ta kife a hanyar Esperance, kuma bai tsira ba, ina bayan gida da bokiti a hannu. Sai da na gama ba shukokinsa ruwa, sannan na zauna a ƙasa.

Farkon ganina da shi, yana kwance rub da ciki a jiƙaƙƙen yashi, jikin shingen gonarmu.

"Bawan Allah, lafiya?"

"Zo ki ga mafarauci," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Wani ɗan jan tsiro ne, bai kai farce ba. Ganyensa duk ɗigo ne kamar raɓa, ga sauro ya manne yana mutsu-mutsu. Na daɗe ina kallon sauron nan. Tun rasuwar Mama aka cire ni daga makaranta. Ni ce girki, ni ce tumaki, ko birnin Albany ban cika zuwa ba.

Da Kelvin ya fara zuwa zance, Baba ya ce, "Mai kiwon ciyawa mai cin ƙuda? Noeleen, kar in ƙara ganinsa a nan."

Idan sanyi ya shigo, tsiron kan fitar da 'yan ƙwayoyi a tsakiyarsa. Kelvin ya naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ya rataya a shinge, ya turo saƙo: "Raɓata, kar ki binne su, ɗora su a kan yashi kawai. Ruwan sama kaɗai. Yau za ki shuka, ba sa iya jira. Ni ne mai iya jira."

Suka fito jajur a bakin tagata.

Wata safiya na tarar duk sun yi baƙi. Ashe Baba ne ya ga ba sa girma, tausayi ya kama shi, ya zuba musu kashin tumaki. Taki kuwa kashe su yake yi. Na yi kukan da ban yi ba tun jana'izar Mama.

Baba ya ɗauki mota sai gidan Kelvin.

"Na kashe mata ciyawarka. Ba ni wata."

"Ƙwayoyin sun ƙare sai baɗi, Baba. Sai dai uwayen, su kuma ba sa kwana inda ba na nan."

"To kwaso su, ka kwaso kanka, ɗan nema."

Aka ɗaura mana aure a ƙaramin cocin garinmu. Baba ya sa mana albarka.

Yanzu 'yarmu tana ta cewa in koma Perth wurinta. Ina zan kai tukwanen shukokin nan? Da zafi, yini ɗaya ya isa su bushe. Kullum da safe nakan tari ruwa a tankin ruwan sama, in zuba a farantan da ke ƙarƙashinsu, a hankali, kada ya taɓa ganyen.