Hotuna Bakwai Daga Saman Bene

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ranar da ta fara shiga shagon hoton. Fanka na ta ƙugi, mai shagon yana goge tabarau da bakin rigarsa.

"Sannu da aiki," ta ce. "Hotuna bakwai na ɗauka daga saman tsohon gidanmu kafin a rushe shi. Na haɗe su sun zama ɗaya mai faɗi, amma dubi sama."

Ya duba. Shuɗin sararin ya fito layi-layi kamar matakala.

"A bit takwas kika yi aikin, ƙaramin ma'aunin launi na kwamfuta. Launukansa kaɗan ne, da kin ja haske sai su tsage. Kina da asalin hotunan, yadda kyamara ta ɗauke su?"

"Suna nan."

"To mu koma bit goma sha shida. Kwamfutata za ta yi ta nishi, sai kin yi haƙuri da ita."

Kwamfutar ta yi ta nishi, su kuma suka yi ta hira. Aikin kwana biyu ya ci wata guda, babu wanda ya yi ƙorafi. Ita ta raɗa masa Tabarau, shi yana ce mata Auta, yadda ake kiranta a gida.

Da maganar soyayyarsu ta kai kunnen Baba, sai ya ɓata rai.

"Mai hoto? Ga ɗan aminina injiniya yana ta sintiri a ƙofar nan."

Bai matsa mata ba, amma ya daina tsokanarta, abin da ya fi faɗa yi mata ciwo. Tun rasuwar Mama, wata uku bayan sun bar tsohon gidan, su biyu ne ke ɗebe wa juna kewa.

Ana cikin haka Tabarau ya yi shiru sati biyu. Ta tura masa saƙo: "Idan labarin injiniya ne ya sa ka janye, ka faɗa min da bakinka. Na gaji da duban waya."

Amsa ta zo: "Autata, ina zan je? Wani abu na gani a hoto na huɗu, na ji tsoron faɗa kafin in tabbatar. Roƙar min Baba minti biyar."

Ranar Asabar ya zo da doguwar takardar hoton a naɗe, ya gaida Baba a durƙushe, ya shimfiɗa ta a falo. Barandar da ta fito baƙi ƙirin a da, ya bi ta yana ɗaga haskenta kaɗan-kaɗan, launi bai tsage ba. Ga Mama nan zaune, tana tsefe wa jikarta kai. Ko Auta ba ta san ta ɗauke ta ba.

Baba ya sauko ƙasa, ya ɗora yatsa a kan kujerar da Mama ke zaune a kai cikin hoton.

"Wannan kujerar ni na gyara mata ƙafa," ya ce a hankali. Can ya ɗago. "Kai, su waye iyayenka? Turo min su."

Ranar da za a kai amarya, Baba ya dafa kawunansu.

"Allah ya ba ku irin zaman da muka yi da uwarta."

Tabarau ya cire tabaransa yana gogewa da bakin rigarsa. Auta ce ta ce amin a madadinsu su biyu.