Ba Zan Ɓoye Inna Ba

"Ba inda zan kai ta, Zakariyya."

Ramatu na tsaye a zauren gidansu na Gyaɗi-Gyaɗi, idonta jawur.

"Yini ɗaya ne fa, masoyiyata... Ki kai ta maƙwabta har Hajiya ta zo ta tafi. In ta tambaya mu ce tsufa ne."

Tun ranar da Binta, ƴar ƙanwar Hajiyarsa mai mutuwar sonsa, ta ga Inna, kakar Ramatu, a kasuwar Tarauni ba takalmi tana tambayar hanyar gida, magana ta zaga dangi wai akwai hauka a gidan. Shi ya sa Hajiya Hasana ta ce binciken auren nan ba aike, da ƙafarta za ta zo.

"Ba tsufa ba ne, kuma ba zan yi ƙarya ba," in ji Ramatu. "Malam Lawan mai shago ya girmi Inna, kullum cikin neman tabarau yake, amma da ya nutsu sai ya tuna. Ita kuwa gidan da ta aurar da ƴaƴanta ne ya ɓace mata. Jiya tambayata ta yi magariba raka'a nawa ce. Likita ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne da ke kama wasu tsofaffi, ba hauka ba, ba iska ba."

"Hajiya ba za ta gane ba..."

"To kar ta gane. Matar da ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata ba zan ɓoye ta kamar kayan sata ba. Ina sonka, Allah ya sani, amma in sai da wannan, na haƙura."

Ya juya ya fita. Ita kuwa ta shige ɗaki ta sha kukanta ta ƙoshi, don bakin ne kawai mai taurin, zuciyar tuni ta karye.

Washegari ta yi wa Inna wanka da kitso, ta zaunar da ita a tsakar gida inda duk mai shigowa zai fara gani. Zakariyya ya kawo Hajiya, ya tsaya daga zaure kamar marar gaskiya.

Bayan an gaisa Inna ta dubi baƙuwar.

"Wace ce wannan?"

"Hajiyar su Zakariyya ce, Inna."

Ba a shanye ruwan da aka kawo ba ta sake tambaya. Ramatu ta maimaita mata da irin muryar farko, tana gyara mata ɗankwali, ta kuma ɗago ta dubi Hajiya ido cikin ido. Ba ta sunkuyar da kai ba.

Hajiya ta share ido da gefen mayafi.

"Haka mahaifinmu ya yi," ta ce a hankali. "Muka ce iska ce, muka kulle shi a ɗaki har ya rasu. Ba wanda ya ce mana ciwo ne."

Inna ta sake juyowa.

"Wace ce wannan?"

Ramatu ta buɗe baki, Hajiya ta riga ta. Ta matso ta riƙe hannun tsohuwar.

"Surukar Ramatu ce, Inna."