Kada Ki Tashe Shi A Littafi Na Uku

"Gimbiya ta ci amana!"

Auta ta ja fuskar wayar sama, tana bin saƙonnin masu karatu. Wani saƙon ya fito.

"Wannan ba hannun marigayi ba ne. Shi ba zai bar Jarumi a ƙarƙashin Kogin Matattu ba!"

"Ni dai littafi na biyun ya fi taɓa ni. Amma wallahi wadda ta rubuta shi soyayya take yi. Ku dubi yadda take kwatanta mai kwale-kwalen nan..."

Ta kife wayar.

Mijinta ne ya rubuta littafin farko na Masu Gadin Wata, ya tsaya a inda Jarumi ya nutse yana kare Gimbiya daga rundunar aljanu. Kafin ya fara na biyu ciwo ya kwantar da shi. A gadon asibiti ya riƙe hannunta ya ce, "Ki ci gaba min." Ta ci gaba, a kan kujerarsa da har yanzu ba ta saki lotsawar zamansa ba. In tana rubutu sai ta ji kamar yana tsaye a bayanta yana bin layi-layi, har tsigar jikinta ta tashi.

Ba ta taɓa nufin mai kwale-kwalen ya zama kowa ba. Mutum kawai take buƙata da zai tsallakar da Gimbiya. Sai ga shi ya fito bahago, mai in'ina, mai kallon ƙasa in yana magana. Sak mai zanen bangon littafin.

Ba ta gane ba, sai da masu karatu suka gane mata.

Aka yi sallama. Mai zanen ne, a bakin ƙofa kamar kullum, tawada a yatsunsa.

"Na... na gani," ya ce. "Ƙanwar marigayi ta sa hotona a zauren masu karatu. Ta rubuta, ga mai kwale-kwalenku."

"Suna so in dawo da Jarumi a na uku."

"In kin dawo da shi zan zana shi, da kyau ma. Amma ni... ni ba zan iya ta tuƙa ki kina leƙen ruwa ba, abar ƙaunata."

Abar ƙaunata! Bai taɓa faɗa ba.

Ta waiga ta dubi kujerar, kamar wadda aka kama.

"Tafi," ta ce da ƙaramar murya. "Don Allah tafi..."

Ya tafi.

Washegari da hantsi surukarta ta zo, tana dogara sanda. Auta ta durƙusa, hawaye ya riga gaisuwa.

"Inna, ki yafe min. Zan gyara. Zan dawo da shi."

"Tashi ki ba ni ruwa, kuka sai ka ce ke aka yi wa sata."

Ta sha, ta aje kofin.

"Waccan uwar surutun ƴar tawa ta kawo min ƙararki, wai kin tozarta yayanta. Na ce ba na hukunci da ji-ta-ji-ta. Na sa ta karanta min littafin tun daga farko, tana kumbure-kumbure."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Yaƙin ya yi tsawo," in ji Inna. "Aljanin nan mai kai uku kuma ban ga amfaninsa ba. Amma inda Gimbiya take zuwa bakin kogi kullum tana kiran sunansa ruwa bai amsa ba... nan na ce a dakata. Ni ma haka nake yi a ƙofar ɗakinsa."

Ta share ido da gefen mayafinta.

"Kowa na cewa ki tashe shi. Su a takarda suka san shi. Ni da na haife shi na ce kada ki tashe shi, ƴata. In ya dawo a littafi, ni kuma in ta jiran sallamarsa."

"Inna..."

"Bar shi ya kwanta. Shi kuma bahagon ya zo ya gaishe ni, in dai zai iya ƙarasa gaisuwar kafin la'asar."

Auta ta yi dariya cikin kuka.

Bayan an ɗaura aurenta da mai zanen, saƙonni ba su tsaya ba. Wasu sun rantse sun bar karatun, wasu suna ta sa albarka. Ta zauna ta fara na uku, angon na can gefe yana fere fensir.

A shafin farko Gimbiya ta je bakin kogi. Ta buɗe baki za ta yi kira, sai ta yi wa Jarumi addu'a. Sannan ta shiga kwale-kwalen.