Ɓarawon da Ya Ba Fure Ruwa

Da hantsi darakta ya faɗo ofishin Sufeto yana haki. An sace faifan da ke ɗauke da ƙarshen fim ɗinsa, ba shi da wani kwafi, ga shi jibi za a haska. Labarin wata yarinyar ƙauye ne da gaurakin fadamarsu, ita ce ma ta fito da kanta.

Sufeto ya bi shi ɗakin tace hotuna. Kyamara na nan, kwamfuta na nan. Cikin faifai huɗu, ɗaya tak aka ɗauka.

"Ka kulle ƙofa?" ya tambayi mai tacewa.

"Ƙwarai, ranka ya daɗe."

"To ina aka ɓalla?"

Mutumin ya sosa ƙeya. Ashe shayi ya fita sha, ya bar ƙofa a buɗe.

A bakin taga Sufeto ya ga tukunyar fure, ƙasarta jiƙe sharkaf.

"Wa ke ba wannan ruwa?"

"Babu kowa. A bayan ƙofa ma take tun bara."

Sufeto ya yi murmushi. Shekara ashirin yana aiki, bai taɓa cin karo da ɓarawo mai tausayin fure ba.

Sai yarinyar fim ɗin ta faɗo masa a rai. A masaukinta ya same ta tana ɗaure kayanta.

"Kin shiga ɗakin nan yau?"

"Ban shiga ba."

"To wa ya kai furen rana?"

Ta miƙe, ko gezau.

"Ni ce. Faifan ma ni ce. Na farfasa shi da dutse."

Darakta, da ke bakin ƙofa, ya dafe kai. "Wahalar shekara biyu! Ni da na fito da ke duniya ta san ki?"

"Wa ya roƙe ka? Ka rantse min ba za ka nuna hanyar sheƙar gaurakin ba. Jiya na gani da idona a ƙarshen fim ɗin: gada, kwana, har bishiyar. Tallan fim kawai ka saki, masu tarko uku suka zo ƙauyenmu suna tambaya."

"Ba shi haƙuri, ƙila ya janye ƙara," in ji Sufeto. Har ransa ya so ta yi.

"Ba zan bayar ba, Yallaɓai."

Ta saɓa ƙunshinta, ta riga shi isa mota.

"Kwana nawa za ku riƙe ni?"

"Sai abin da alƙali ya ce."

"Ya daɗe bai ce ba. Sati uku ya rage 'ya'yan gaurakin su tashi daga sheƙa."