Ƙaramin Tanki

Ƙarfe uku na yammar Lahadi aka bugo wa Sufeto Misbahu waya a caji ofis na Daura: mota ta take wani tsoho a gefen hanyar Mai'adua, ta gudu.

Misbahu mutum ne da kujera ba ta riƙe shi. Ko shayi a tsaye yake sha. Kafin a gama yi masa bayani har ya hau babur.

A gindin wata darbejiya ya tarar da gawar, an lulluɓe ta da zane. Malam Sada ne, mai sayar da igiya. Butarsa tana gefe a lotse, alwala yake yi abin ya same shi. Wata mai fura ce kaɗai ta ga abin, ita ma daga nesa.

"Farar mota ce, ranka ya daɗe. Ta tsaya, aka buɗe gabanta, sai na ji mai ita ya ƙwalla ƙara. Can an jima ta yi baya, ba kuka ba ƙugi, kamar tura ta aka yi. Ina tsohon nan zai ji ta?"

Misbahu ya tsuguna. Ledojin ruwa shida ya tsinta, duk an huje su da haƙori, ƙasar wurin kuma a jiƙe take.

Bai sha wahalar neman motar ba. Washegari da safe Alhaji Nu'uman, ƙanin Hajiya Nagoggo mai sayar da atamfa, ya shigo ofis da direban gidansu, wani dattijo mai suna Mati.

"Ga shi nan, Sufeto. Motar Yaya ce, shi ke jan ta. Mu ba ma ɓoye mai laifi."

Misbahu ya miƙa masa hannu. Alhaji ya dafe ƙirji da hagu ya ɗan rusuna, hannun dama yana cikin babbar riga. Misbahu ya mayar da hannunsa aljihu.

"Mati, kai ka tuƙa motar jiya?"

"In Alhaji ya ce ni ne, ai ni ne, yallaɓai."

"Ba Alhaji na tambaya ba."

"Shekara talatin da biyu ina gidan nan," in ji Mati, idonsa a ƙasa.

DPO ya ji daɗi, ya ce a kawo masa fayil kafin la'asar, gobe Mati ya kwana a kurkuku. Misbahu ya ɗauki biro ya ajiye ya fi sau goma. Ya sha ganin masu ƙarya don su kuɓuta, amma mai ƙarya don ya shiga uku, wannan ya hana shi sukuni. Ya zari makulli sai gidan Hajiya.

Fadila, 'yar Hajiya, malamar kimiyya a wata sakandare, ita ta buɗe masa garejin. Idonta ya yi ja.

"Baba Mati ne ya koya mini tuƙi. Ba shi ba ne, yallaɓai. Zo ka gani."

Ta ɗaga bonet. Motar irin mai aiki da fetur da batir ce. Ta nuna masa tankunan ruwa biyu, babba na lagireton inji, ƙarami na inbata, wato akwatin da ke juya wutar batir ta tura mota.

"Famfon ƙaramin nan ya fara gajiya, mun aika a kawo sabo daga Kano. Shi ya sa na maƙala wata 'yar na'ura ƙarƙashin sitiyari, tana ajiye lissafin zafin ruwan, in na zo kusa ta turo mini a waya."

Misbahu ya karɓi wayar. Sati uku cur layin da ke nuna zafin bai taɓa haura digiri hamsin da biyar ba. Jiya da ƙarfe biyu kuwa ya miƙe tsaye har saba'in da takwas.

Fadila ta ce, "Baba Mati lallaɓa ta yake yi kamar ƙwai. Na jiya kuwa take ta aka yi har jar fitila ta kama."

"Ruwan injin fa?"

"Lafiyarsa lau. Amma shi ko da lafiya kusa da tafasa yake zama."

Misbahu ya leƙa. Ruwan ƙaramin tanki yana nan ruwan hoda, ba wanda ya taɓa shi. Na injin kuwa ya koɗe fes, an cika shi da farin ruwa har ya yi ambaliya. Ya tuna ledoji shida, ya tuna ƙarar da mai fura ta ji. Ya buga waya a kawo Mati da Alhaji, sannan ya hau kai da kawowa a tsakar gida har kajin Hajiya suka watse.

Da suka iso, Hajiya Nagoggo ta fito ta tsaya bakin ƙofa da carbinta.

Misbahu ya ce, "Mati, kana tafiya jar fitila ta kama. Nuna mini abin da ka yi jiya."

Baki yana iya ƙarya, amma hannun da ya saba da aiki ba ya iyawa. Kafin Mati ya yi tunani, yatsansa ya sauka kan ƙaramin tanki.

"Nan ake dubawa, yallaɓai. In ruwan ba ya motsi, famfo ya tsaya, sai a kashe ta a jira. Wancan kuwa ba a buɗe shi da zafi, sai ya..."

Misbahu ya juya tafukan hannun Mati biyu, babu ko ƙwarzane.

"Shirme ke nan," in ji Alhaji Nu'uman. "Tun kafin a haifi yarinyar nan nake tuƙi. Mota in ta yi zafi lagireto ake ba ruwa, ko yaro ya sani."

"Haka wanda ya ja ta jiya ya yi tunani," in ji Misbahu. Ya matso ya sake miƙa hannu. "Alhaji, tun safe ba mu gaisa ba."

Hannun ya tsaya a iska.

"Nu'uman," in ji Hajiya a hankali, "ba mutum hannu."

Ya fito da shi. An naɗe shi da tsumma tun daga yatsu har wuyan hannu, ruwan ƙuna ya ɓullo ta jiki.

"Kawu!" Fadila ta toshe baki.

"Raguna na je dubawa a kasuwa," in ji Alhaji. "Murfin na buɗe, ruwa ya feso mini. Zafi ya rufe mini ido, na sa ribas ban duba baya ba. Wallahi ban ga tsohon ba, Yaya. Da na dawo na ce wa Mati ya rufa mini asiri, na ce shi talaka ne, za a tausaya masa."

Hajiya ta dubi ƙaninta, ta dubi Mati, ta juya ta shiga ɗaki ta ja ƙofa.

Misbahu ya ciro ankwa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, bai kuma ɓoye ba, har ƙarfen ya datsa da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Alhaji ya cije leɓe.

Sun kai bakin zaure sai ga Mati ya biyo su da sauri, hularsa a hannu.

"Yallaɓai, don Allah a ɗan sassauta masa na daman. Wurin ƙunar ne."