Tsohuwar da Ke Jiran Jirgin Nguru

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan a kan kawunmu Sallau ya faru, lokacin da yake aikin wayar lantarki a ƙasar waje.

A birnin da yake, ta ƙarƙashin ƙasa jiragen ƙasa suke bi. Akwai wata tasha da aka rufe shekara arba'in, har ƙarafan dogon an ciccire. Kamfaninsu ya tura su su biyu, su duba tsofaffin wayoyin ciki. Abokin aikin bai zo ba. Kawu ya gaji da jira, ya karɓi makulli ya sauka shi kaɗai. Da rana tsaka ne fa. Amma yana sauka matakala ta talatin, sai duhu.

Ya kunna tocila. Ƙura a ƙasa kamar an barbaɗa gari, ba sawun kowa sai nasa. Takardun bango sun ruɓe. Ruwa na ɗiga a wani wuri, ɗis, ɗis. Ya bi waya yana dubawa, ya wuce ɗakin sayar da tikiti, ya fito inda fasinja ke tsayawa.

A nan ya ga tsohuwa zaune a benci, da ƙunshin kaya a gefenta.

"Sannu da aiki, ɗana," ta ce.

Da Hausa. Hausar ma irin ta garinmu.

"Yauwa, Inna. Ta ina kika shigo?"

"Jirgin Nguru ya wuce?"

"Inna, ba Nguru a ƙasar nan. Jirgi ma ba ya biyowa ta nan."

"Yana biyowa."

Sai a lokacin ya lura. Bakinta ne ke fara motsi, ya rufe, sannan muryar ta iso, kuma daga can cikin ramin jirgin take fitowa.

Ya ja da baya. Iska mai ɗumi ta taso daga ramin, ta kaɗa masa riga. Ƙasa ta fara rawa ƙarƙashin takalminsa.

"Ga shi nan," ta ce. "Kama mini kayan nan. Ka daɗe ba ka je gida ba, ai da wurinka."

Ta miƙo masa tikiti. Kawu ya rantse bai yi niyyar karɓa ba, sai ganinsa ya yi a hannunsa. Can cikin ramin wani haske ya ɓullo, yana girma. Ya ji ƙafarsa ta taka gaba da kanta. Taku ɗaya. Taku biyu. Saura kaɗan bakin ramin.

Ya buɗe baki zai yi addu'a, bismillah kawai ta fito. Bismillar nan ce ta kuɓutar da shi. Ya yar da tocilar, ya juya, ya hau matakala da hannu da gwiwa. Bai waiwaya ba. A bayansa ya ji ƙofofi sun buɗe, mutane da yawa suna gaisawa ƙasa-ƙasa.

Da ya fito sarari, tikitin na tafin hannunsa, da sunansa da na babansa. Ba kwanan wata.

Ya ƙone shi, ya dawo gida cikin satin. Amma tun daga ranar bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Kun dai gan shi, a tsaye yake cin abinci. La'asar na yi zai rataya jaka ya tsaya a ƙofar gida, yana karkata kunne.

Wata rana na ce, "Kawu, me kake saurare?"

Ya ce, "Jirgin bai tashi ba, Hansatu. Fasinja ɗaya yake jira."

Don haka duk wanda Allah ya kai shi irin garuruwan nan, kada ya sauka ramin da aka rufe shi kaɗai. In kuma aka gaishe shi da Hausa a can ƙasa, ya yi shiru.